Gonar da ke Ƙarshen Ruwa: 'Ya Mace da Kujerar Malanta a Jami'a



Duk wanda ya taɓa noman rani a ƙasar Kura ko Bunkure ko Garun Malam ya san cewa ruwan Tiga ba ya isa kowace gona a lokaci ɗaya. Daga madatsar yakan biyo babbar magudana, ya ratsa ta Ruwan Kanya, ya gangaro Kadawa, sa'an nan ya rarrabu cikin ƙananan magudanai har ya kai ga kuyya. Manomin da ke bakin ƙofar ruwa yakan sha har gonarsa ta yi laka. Na ƙarshen magudana kuwa yakan kwana a gona da tocila da fartanya, yana jiran ɗan abin da ya rage. In ka je ka tambayi hukuma, za a ce maka an buɗe ruwa ga kowa da kowa, kuma ba ƙarya aka yi maka ba. Duk da haka tumatirin mutumin nan ya yi yaushi.

Wannan hoton ne ya zo mana a rai bayan girbin shinkafar bara, sa'ad da wani magidanci daga wani ƙauye tsakanin Madobi da Kura ya same mu bayan Misa. 'Ya'yansa biyu sun ci jarrabawar shiga jami'a, namiji da mace, kuma macen ce ta fi maki. Ya lissafa buhunan da ya samu, ya fitar da bashin taki da na abinci, ya ga abin da ya rage ba zai ɗauki mutum biyu ba. Sai ya zaɓi namijin. Ba shawara ya zo nema ba, albarka ya zo a sa wa ɗan. Da muka tambaye shi labarin yarinyar, sai ya ce, “Fada, ai 'ya mace ta gidan wani ce.” Ita kuwa yarinyar, kamar yadda muka ji daga bakin uwarta, burinta ta karanta ilimin aikin gona, wata rana ta koyar da shi a jami'a.

Mutumin nan ba mugu ba ne. Yana ƙaunar 'yarsa, kuma talaucin da ya matsa masa na gaskiya ne. Shi ya sa tambayar ta cancanci mu zauna mu yi nazarinta a tsanake. Shin adalci ne a yanke wa yaro iyakar karatunsa saboda an haife shi mace? In kuma doka ta riga ta buɗe ƙofar jami'a ga kowa, akwai sauran wani hakki a wuyanmu?

Abin da ake nufi da daidaito

Mutane da yawa suna jin kalmar daidaito tsakanin maza da mata sai gabansu ya faɗi, suna tsammanin ana so a ce babu bambanci tsakanin miji da mata, ko uba da uwa. Bambancin halitta yana nan, kuma alheri ne. Abin da ake faɗi shi ne, darajar ɗan Adam guda ce. Wanda ya halicci namiji cikin kamanninsa shi ne ya halicci mace cikin kamanninsa, ya kuma ba kowannensu hankali da lamiri da ikon rarrabe gaskiya da ƙarya. Lissafi bai san muryar wanda ya warware shi ba. Ƙwayar cutar da ke ƙarƙashin madubin likita ba ta tambayar ko idon da ke dubanta na mace ne.

Tun zamanin dā masana suka bayyana adalci da cewa shi ne ba kowa abin da ya cancance shi. To, me ya cancanci yaro mai kaifin basira? Ya cancanci a duba basirarsa kafin a yanke masa hukunci. Alƙalin da ya rubuta hukunci tun kafin ya saurari shari'a ya yi zalunci, ko da daga baya hukuncin ya zo daidai. Haka uban da ya riga ya tsai da zuciyarsa tun ranar suna cewa wannan za ta tsaya a sakandare, wancan kuwa zai wuce. Bai auna kowa ba, haihuwa ce ta auna masa.

Akwai kuma wani abu. Baiwar da ke kan yaro ba mallakar iyayensa ba ce. Ajiya ce aka ba su, za a kuma tambaye su yadda suka yi da ita. Mun saba jin wa'azi a kan bawan da ya haƙa rami ya binne abin da ubangidansa ya ba shi, mukan kuma ɗora laifin a kan mai baiwar. Ba mu cika tambayar kanmu ba ko wane hukunci ne ke kan wanda ya binne baiwar wani da hannunsa, alhali mai ita tana kuka tana so ta yi aiki da ita.

“Ta gidan wani ce”

Bari mu ɗauki hujjar magidancin nan da muhimmanci, domin ita ce hujjar dubban gidaje. Yana cewa ɗa namiji zai zauna a gida ya riƙe iyayensa, 'ya mace kuwa za ta tafi da iliminta gidan mijinta, wani ya ci moriyar wahalarsa.

Da fari, wannan magana ta mai da yaro jari, kamar saniyar da ake turkewa don riba. Ba don su biya mu muke haihuwar 'ya'ya ba. Na biyu, ko da lissafin riba za a bi, lissafin bai fita ba. Mu da aikinmu ke kai mu asibitoci da ɗakunan majinyata mun sha ganin wanda ke zaune a gefen gadon tsoho ko tsohuwa da dare, da wanda ke aiko da kuɗin magani a ɓoye. Sau da yawa 'yar nan ce da aka ce ta gidan wani ce.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi. Mutumin da ke cewa ba zai kashe kuɗi a kan 'yarsa ba don wani zai amfana, shi ne zai je asibiti da matarsa tana naƙuda ya ce shi likita mace yake so. Likitar nan 'yar wani ce. Wani uba ne ya sayar da buhunansa, ya san sarai cewa ba matarsa kaɗai za ta duba ba. Makarantar koyon aikin jinya da ke nan Madobi, da 'ya'yan wa za a cika ta? Manoman rani sun san abin da ke faruwa in kowa ya ƙi yashe magudanar da ta ratsa gonarsa don ruwan gonar wani zai tafi. Ba a daɗewa sai ruwan ya tsaya wa kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sa'an nan mu faɗa wa kanmu gaskiya a kan batun rashin kuɗi. A gidaje da yawa, uban da ya ce ba shi da kuɗin rajista shi ne zai ci bashi bayan wata shida ya sayi gado da kujeru da kwanukan jere don kai yarinyar ɗaki. Ashe kuɗin na samuwa in abin ya zama dole a idon jama'a. Kunyar kai 'ya ɗaki babu kaya ta fi ƙarfi a zukatanmu bisa kunyar kai ta babu ilimi. Kayan ɗaki kuwa suna tsufa, wani lokaci a sayar da su ranar da miji ya kwanta ciwo ko ya rasu. Abin da ke cikin kanta ne ke binta duk inda ta shiga.

In da gaske kuɗin mutum ɗaya ne kawai, to a duba wanda ya fi shiri da himma, a kuma yi wa ɗayan tanadin shekara mai zuwa, a faɗa masa a fili. Wannan zaɓi ne mai ciwo, amma babu zalunci a cikinsa.

Tsoron lalacewar tarbiyya

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, domin daga ƙauna take fitowa. Iyaye suna tsoron abin da zai sami 'yarsu a birni, nesa da idonsu. Ba za mu ce tsoron banza ba ne. A shekarar 2019 gidan rediyon BBC ya fitar da wani bincike da ya tona asirin waɗansu malaman jami'a a Afirka ta Yamma masu neman lalata da ɗalibai kafin su ba su maki. Abin da aka daɗe ana raɗe-raɗinsa ya fito fili, gani ya kori ji.

Amma wa ya kamata a hukunta? Makiyayi ba ya yanka garkensa don akwai kura a dawa, kurar yake farauta. In muka tsare 'ya'yanmu a gida muka bar mugun malami a kan kujerarsa, mun hukunta mara laifi, mai laifi kuwa ya sha. Ƙari ga haka, ɗaya daga cikin magungunan wannan cuta shi ne yawaitar mata a cikin malamai da shugabannin sassa, waɗanda ɗaliba za ta iya rufe ƙofa ta faɗa musu abin da ba za ta iya faɗa wa namiji ba. Hana mata karatu saboda wannan tsoro yana tsawaita ainihin abin da ake tsoro. Ita tarbiyya kuwa a gida ake dasa ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yarinyar da aka rena da gaskiya da tsoron Allah ba ta ajiye su a ƙofar jami'a.

“Ai ƙofa a buɗe take”

Hujja ta uku ita ce ta masu ilimi. Sukan ce babu dokar da ta hana mace shiga jami'a ko zama farfesa a Najeriya, saboda haka in mata sun yi ƙaranci a manyan kujeru, su ne ba su nema ba. Nan ne misalin ruwan Tiga ya dace. An buɗe ruwa, gaskiya ne. Sai mu bi magudanar mu ga inda yake tsiyayewa.

Yarinya ta gama sakandare tana da shekara 18. Digiri na farko shekara huɗu ne, na aikin gona biyar, na likita shida, in ba a yi yajin aiki ba. A 2020 yajin malaman jami'a ya ci kusan wata tara, a 2022 kuma wata takwas. Sai shekarar bautar ƙasa. Sai digiri na biyu, kamar shekara biyu. Sai digirin dakta, shekara uku ko fiye, wanda in babu shi malami ba ya hawa manyan matakai. Matakan nan kuwa bakwai ne daga ƙaramin mataimaki zuwa farfesa, kowanne yana buƙatar shekarun koyarwa, da rubuce-rubucen bincike da aka buga, da halartar tarurruka a garuruwa masu nisa. Duk wannan hawan yana faɗowa ne tsakanin shekara 20 da 40 na rayuwa, wato daidai shekarun aure da ciki da goyo da yaye.

Malami namiji ya dawo gida ya tarar da tuwo, ya ci, ya shiga ɗaki ya buɗe littafi. Malama mace ta dawo gida ta ɗora tukunya, ta yi wa yara wanka, ta duba surukarta, sai tsakar dare ta buɗe nata littafin in idonta ya yarda. Ranar ƙarin girma, kwamiti zai ƙirga takardunsa da nata da ma'auni ɗaya, ya ce an yi adalci. Ma'aunin daidai yake, amma ɗaya ya yi tseren da hannu sake, ɗaya da tulu a ka. Shi ya sa a ajin farko na jami'a ake ganin 'yan mata da dama, a digiri na biyu su ragu, a na dakta su ƙara raguwa, in aka shiga majalisar dattawan jami'a sai a ƙirga su da yatsu.

Waɗansu suna tsoron cewa maganar ƙara yawan mata tana nufin a ba wadda ba ta cancanta ba kujera. Ba mu goyon bayan haka, kuma matan da suka sha wahalar karatu su ne na farko da za su ƙi shi, domin yana zubar da darajar abin da suka samu da guminsu. Manomin ƙarshen magudana bai roƙi a ɗebo masa ruwa da bokiti ba. Cewa ya yi a nome kacalar da ta toshe hanya, a liƙe inda ya fashe, a hana na gaba tarewa. In an yi haka, ƙwazonsa ne zai nuna kansa ranar girbi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Wani zai ce, to ta yi digirinta ta samu aiki, me ya kai ta neman kujerar malanta? Amsar tana nan a gonakinmu.

An gama madatsar Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako. Sa'ad da aka tsara aikin noman rani na Kogin Kano, an auna ƙasa, an auna ruwa, an baje filaye, an sassare itatuwa, har da ɗorawar da mata ke yin daddawa da 'ya'yanta da itatuwan da suke samun makamashi. A ƙarshen shekarun 1970 wata mai bincike daga Ingila, Cecile Jackson, ta zauna a wannan yanki tana nazarin rayuwar mata, ta kuma fitar da littafi a kai a 1985. Ta nuna cewa masu tsarin ba su sa mata cikin lissafinsu ba, kuma aikin ya taɓa matan kulle ta wata hanya, ya taɓa matan da ke fita gona ta wata hanya daban. Ita ce kuma ta rubuta labarin matan da ke tsinkar wake a gonar wani kamfanin Turawa a Kadawa, waɗanda suka yi yajin aiki don neman ƙarin lada. Daga baya matar nan ta zama farfesa a ƙasarsu. Ba ma yi mata hassada, ta yi aikin kirki. Amma jikokin matan da ta yi hira da su fa? Har yaushe za a riƙa zuwa daga nesa a rubuta labarinsu, su kuwa suna ba da ruwan sha?

Malamin jami'a ba koyarwa kaɗai yake yi ba. Shi ne ke zaɓar tambayar da za a bincika da wadda za a bari. Matan Kura da ke turara shinkafa suna wuni cikin hayaƙin itace da ƙaiƙayi, wa ya damu ya auna abin da hayaƙin ke yi wa ƙirjinsu da idanunsu, ko ya ƙera musu murhun da ya fi sauƙi? Tsargiya tana bin ruwan magudanai, kowa ya san alamarta a jikin yara maza, amma irin ɓarnar da take yi a jikin mace abu ne da mace ba ta iya buɗe baki ta faɗa wa namiji. Malamin gona namiji yakan tsaya a zaure, domin gidan ba a shiga, alhali a cikin gidan ake adana iri, ake shanya tumatir, ake sarrafa amfanin gona. A 2016, da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatirin Kadawa, kowa ya ga muhimmancin masu binciken ƙwari. Ƙasar da ke cikin irin wannan buƙata ba ta da halin ajiye rabin basirarta a bakin murhu.

Ba baƙon abu ba ne

Masu cewa wannan magana al'adar Turawa ce su tuna cewa su kansu Turawan jiya-jiya suka farga. Jami'ar Okisfod ba ta fara ba mata digiri ba sai 1920, ta Kambirij kuwa sai 1948. A nan ƙasar Hausa, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke bin ƙauyuka suna karantar da mata. Maƙwabtanmu Musulmi suna da wannan gado, mu ma da muke Hausawa muna alfahari da shi.

A zamanin boko, an kafa kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948, amma sai a 1985 mace ta fara shugabantar jami'a a Najeriya, wato Farfesa Grace Alele-Williams ta Jami'ar Benin, masaniyar lissafi da ta sami digirin dakta a Amurka a 1963. Daga Arewa, Farfesa Gambo Laraba Abdullahi, 'yar jihar Bauchi, masaniyar kimiyyar sinadarai, ta shugabanci Jami'ar Abuja. Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i ta Jami'ar Bayero ta riƙe ma'aikatar ilimi ta tarayya daga 2010 zuwa 2013. Farfesa Fatima Batul Mukhtar, 'yar Kano, masaniyar tsirrai, ta shugabanci Jami'ar Tarayya ta Dutse daga 2016 zuwa 2021. Waɗannan sun isa shaida cewa basira ba ta yi ƙaura daga 'ya'yanmu mata ba. Amma Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, da Jami'ar Bayero da ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, har zuwa naɗe-naɗen 2025 babu wadda mace ta taɓa shugabanta. In sunaye huɗu ko biyar ne kullum muke maimaitawa, wannan kansa alama ce.

Mu duba gidanmu

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A 1678 wata mata mai suna Elena Cornaro ta nemi digirin dakta a ilimin tauhidi a Jami'ar Paduwa ta ƙasar Italiya. Bishop na garin ya ƙi yarda saboda mace ce, sai aka ba ta na falsafa. Bayan shekara 54, a 1732, Laura Bassi ta sami nata digirin a Bolonya, ta kuma zama malamar jami'a, da goyon bayan Kadinal Lambertini wanda daga baya ya zama Paparoma Benedict na 14. Ikkilisiya ɗaya, ƙasa ɗaya, wani shugaba ya tare ruwa, wani ya buɗe. Edith Stein ta gama digirin dakta a falsafa a Jamus a 1916 da yabo mafi girma, amma da ta nemi izinin zama malamar jami'a a 1919 aka hana ta don mace ce. An kashe ta a sansanin 'yan Nazi a 1942, a 1998 kuma aka sa ta cikin tsarkaka. Sai a 1970 aka fara lasafta mata cikin manyan Malaman Ikkilisiya, wato Teresa ta Abila da Katarina ta Siyena, ɗaruruwan shekaru bayan rasuwarsu.

A wasiƙar da ya rubuta wa matan duniya a 1995, shekarar taron mata na Beijin, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya nuna nadama a kan rabon da 'ya'yan Ikkilisiya ke da shi cikin danne mata, ya kuma yi kira ga lada ɗaya a kan aiki ɗaya, da kāre iyaye mata ma'aikata, da adalci wajen ƙarin girma. A nan Kano, Sistocin St. Louis sun iso daga Ailan a 1948, suka buɗe makarantar da ta yaye 'yan mata Kirista da Musulmi masu yawa. Muna godiya da wannan. Amma a ƙauyukanmu, in Fada ya ga yaro namiji mai ƙwaƙwalwa, nan da nan ake neman hanyar kai shi makarantar share fagen firistoci, a nemo masa mai ɗaukar nauyi. Ƙanwarsa da ta fi shi maki fa? Sau da yawa mukan sa ta cikin mawaƙa, mu sa mata albarka, mu jira ranar ɗaurin aurenta. Mu masu wa'azi muna da namu rabon a wannan laifi. Mun san labarin gidan Betanya, inda Maryamu ta zauna a wurin da almajirai ke zama don sauraron koyarwa, aka nemi a tashe ta zuwa madafa, Ubangiji kuwa bai yarda ba.

Abin da ke hannunmu

Ga iyaye: ku auna 'ya'yanku da ma'auni ɗaya, ku kuma sa karatu cikin sharuɗɗan aure tun ranar gaisuwa, a gaban shaidu, domin alkawarin “za ta ci gaba a ɗakinta” yakan mutu da cikin fari. Ku bincika taimakon da ke akwai. Tun 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance, akwai kuma tallafin karatu na jiha.

Ga maza, musamman samarinmu masu shirin aure: mutumin da ya riƙe jariri awa biyu don matarsa ta rubuta babi ɗaya bai zubar da girmansa ba. Wanda ilimin matarsa ke ba shi tsoro, ya binciki zuciyarsa ya ga mene ne ainihin abin da yake tsoro.

Ga majami'unmu: in kowace ƙungiya, daga Zumuntar Mata har zuwa ta maza da ta matasa, za ta ware buhu ɗaya a kowane girbi, kowace farish za ta iya riƙe yarinya ɗaya har ta gama. A rubuta, a ba da lissafi a gaban jama'a, kada abin ya zama na 'ya'yan manya.

Ga waɗanda Allah ya ɗora a kan kujerun jami'a cikinmu: ɗakin renon yara kusa da aji, da sa taro a lokacin da uwa za ta iya halarta, da lasafta hutun haihuwa wajen ƙarin girma, da korar malami mai lalata ba tare da rufa-rufa ba, duk abubuwa ne da ba su fi ƙarfinku ba.

Ga 'ya'yanmu mata: ku yi karatu da gaske, kada ku nemi rangwame. In kun hau, kada ku rena uwar da ta tsaya a gida. Aikinta yana da daraja a gaban Allah daidai da na farfesa, kuma da kuɗin shinkafar da ta turara aka saya muku littafin farko.

Magidancin nan ya tafi ran nan bai ce komai ba. Bayan mako uku matarsa ta zo ta ce ta sayar da tumakinta biyu, matan Zumunta sun yi karo-karo, shi kuma ya ƙara buhu uku daga cikin na ci. Yara biyun duka sun yi rajista. Wannan kuɗin shekara ɗaya ne kawai, karatun aikin gona kuwa shekara biyar ne, tsakaninta da kujerar da take mafarki akwai tafiya mai nisa, kuma tuni masu neman aurenta sun fara aike. Ko ruwan zai kai ƙarshen magudana, wannan ya rataya a kan uban, da mijin da za ta aura, da malaman da za ta haɗu da su, da kuma mu da za mu ga uwarta a coci ranar Lahadi.

Allah ya ba mu kunnen ji da zuciyar aikatawa, ya albarkaci gonakinmu da 'ya'yanmu, maza da mata. Amin.